Salon maganar Turanci: inda sanin kalmomi ba ya kai mutum ga ma'ana

A ranar 1 ga Nuwamba 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya wallafa saƙo a dandalinsa na Truth Social, yana zargin gwamnatin Najeriya da zura ido ana kashe Kiristoci, zargin da Abuja ta musanta. A cikin saƙon ya ce Amurka za ta iya shigowa ƙasar "guns-a-blazing". Wannan 'yar gajeriyar magana ta raba kan masu karatu. Waɗanda suka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya sun ga bindigogi na aman wuta. Waɗanda suka saba da bakin Amurkawa kuma suka ce ai haka ake faɗa wa duk wanda ya afka wa al'amari da zafinsa, ko ɗan siyasa ne a zauren muhawara, ko 'yan ƙwallon da suka dawo daga hutun rabin lokaci a fusace. Kowane ɓangare na da abin kamawa, domin maganar tana ɗaukar fuska biyun. Abin da ya nuna inda ta dosa a wannan karon shi ne jimlar da ta biyo baya, inda ya ce ya umarci ma'aikatar yaƙin ƙasarsa ta yi shirin ɗaukar mataki.

Ba a cika mako biyu ba, ministan ilimin Najeriya Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. A Nijar kuwa, kundin mulkin gwamnatin soja da ya fara aiki a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki. Ta kowace fuska dai, Bahaushe zai ƙara cin karo da Turanci a aji da ofis da waya. Nahawu ana koyonsa da ƙa'ida, kalma ana duba ta a ƙamus. Abin da ya fi kayar da mai koyo shi ne irin maganar da duk kalmominta ya san su, amma bai san me aka ce ba.

Me ake nufi da salon magana?

Turawa na kiransa "idiom". Jerin kalmomi ne da suka daskare wuri guda, ma'anarsu a dunƙule ta sha bamban da ta kowace kalma ita kaɗai. Hausa cike take da irinsu, sabo ne ya sa ba ma lura. In aka ce wane yana da dogon hannu, ba mai zuwa ya auna hannun. An san ɓarawo ake nufi. Haka farin jini, baƙin ciki, jan aiki, cin fuska, shan kashi, kwanta dama. A filin dambe in an ce ɗan wasa ya yi kisa, kayar da abokin karawa ya yi, kowa zai koma gida da ransa. Baƙon da ya haddace "fari" ya haddace "jini" ba zai taɓa cankar cewa maganar ƙaunar jama'a ake yi ba.

Mutane da yawa na haɗa shi da karin magana, alhali akwai bambanci. Karin magana cikakkiyar jimla ce mai tsayawa da ƙafarta, kamar "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Salon magana kuwa guntu ne, sai an saka shi cikin jimla yake aiki. Akwai kuma wani rukuni da Ingilishi ya shahara da shi, inda ake liƙa wa aikatau wata 'yar kalma ma'ana ta juya: "give up" saduda, "put off" ɗagewa, "call off" janyewa kwata-kwata. Ɗaliban jami'a sun san nauyin na ƙarshen. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya fara ranar 14 ga Fabrairu 2022 ya kai wata takwas, kuma da ya zo ƙarshe a Oktoba ƙungiyar cewa ta yi ta dakatar, ba ta ce ta janye ba.

Halaye biyu ne ke sa salon magana wuya. Na farko, ba a taɓa masa kalma. Bature na cewa "kick the bucket" yana nufin mutuwa, amma in aka sauya bokitin da wata kalma mai ma'anar bokiti, magana ta watse, kamar dai wanda ya ce "jini mai haske" yana nufin farin jini. Na biyu, kowanne na da muhallinsa, da wanda ya dace a faɗa wa.

Daga ina suka fito?

Yawancinsu burbushin rayuwar da ta shuɗe ne. Ingila ƙasar jiragen ruwa ce, shi ya sa teku ta bar zane mai yawa a harshen. Sabon ma'aikacin jirgi mai filafilai sai ya san kowace igiya da aikinta, daga nan "learn the ropes" ta zama koyon makamar aiki. "All hands on deck", da shugabanni a Najeriya ke yawan faɗa, kiran gaggawa ne ga duk ma'aikatan jirgi su fito. Yau tana nufin kowa ya sa hannu. "Loose cannon" igwa ce da ta kwance daga mazauninta tana yawo cikin jirgi tana ɓarna, aka mayar da ita laƙabin mutumin da ba a san abin da zai faɗa ko ya aikata ba, wanda kan jawo wa nasa asara.

Wasanni sun ba da nasu. Daga damben zamani aka samo "throw in the towel", domin mai horarwa kan jefa tawul cikin fili in ya ga yaronsa ya jigata, da "below the belt", naushin da doka ta hana, wato suka ta rashin adalci. Daga tanis aka samo "the ball is in your court", ma'ana saura kai. A nan ne Turawan kansu ke rabuwa: maganganun da suka fito daga wasan kurket, irin su "sticky wicket" mai nufin tsaka mai wuya, na Birtaniya ne da ƙasashen da ta raina, yayin da "ballpark figure", wato ƙiyasin adadi, da "touch base", wato a ɗan tuntuɓi juna, suka fito daga wasan besbol na Amurka.

Addini da tsoffin labarai su ne tushe na uku. Fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta yaɗa maganganu da yawa, har wanda bai taɓa shiga coci ba yana faɗinsu: "at the eleventh hour" a ƙurarren lokaci, "the writing on the wall" alamar faɗuwa ta bayyana, "wash one's hands of" tsame hannu. "Scapegoat", wanda ake ɗora wa laifin wasu, ta girmi wannan fassara. William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a fassararsa ta 1530. Daga tarihin Rumawa aka samo "cross the Rubicon", kogin da Julius Caesar ya ƙetare da dakarunsa a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, mataki irin na bakin alƙalami ya bushe.

Sai dai a yi hattara da labaran asali da ke yawo a intanet, da yawansu ƙagaggu ne. Labarin cewa "raining cats and dogs", wato ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta samo asali daga kyanwowi da karnukan da ke zamowa daga rufin ciyawa in ana ruwa ba shi da madogara. "Turn a blind eye", wato kau da kai da gangan, ana danganta ta da kwamandan sojan ruwa Horatio Nelson, wanda aka ce a yaƙin Copenhagen na 1801 ya ɗora madubin hangen nesa a kan idonsa da ba ya gani don kada ya ga alamar umarnin ja da baya. Labarin sananne ne, amma masu binciken kalmomi sun sami maganar a rubuce tun kafin wannan yaƙi. Sanin asali na taimaka wa hadda, ba shi ke yanke ma'anar yau ba.

Waɗanda suka fi yawa a labarai

A siyasa da tattalin arziki ne kuskuren fahimta ya fi tsada. "Lame duck", gurguwar agwagwa, ba ta da alaƙa da lafiyar shugaba. A kasuwar hannun jari ta Landan cikin ƙarni na 18 ana faɗinta ga dillalin da ya kasa biyan bashi. Yau ana nufin shugaban da wa'adinsa ya zo gangara, an riga an zaɓi magajinsa, maganarsa ta rage kaifi. A Amurka lokacin yana faɗowa tsakanin zaɓen Nuwamba da rantsuwar 20 ga Janairu. A Najeriya ya ɗan fi tsawo: a 2023 an yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, aka miƙa mulki ranar 29 ga Mayu.

"Red line" iyaka ce da aka ce in an ƙetare za a ɗauki mataki. Ta yi tashe bayan Barack Obama ya yi amfani da ita a Agusta 2012 kan makamai masu guba a Siriya. Da aka kai hari da irin makaman a Ghouta bayan shekara guda, Amurka ba ta kai farmakin da aka zata ba, kuma tun daga nan duk wanda ya ja irin wannan layi sai masu sharhi su tambaya ko da gaske yake.

"White elephant" aiki ne mai cin kuɗi ba amfani. Asalinta farar giwa ce a ƙasar Siyam, Tailan ta yau, wadda ake girmamawa har ba a sa ta aiki, ga ciyar da ita da tsada. Jaridun Najeriya sun daɗe suna liƙa wa kamfanin ƙarafa na Ajaokuta wannan suna, wanda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet. "Red tape" kuwa jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma da shi ne a Ingila, ya zama sunan jan ƙafa da yawan sa hannu a ofisoshi.

"Witch hunt" ta fi buƙatar kulawa. Tana tuno da shari'ar Salem ta 1692 a Massachusetts, inda aka rataye mutum 19 kan zargin maita. Ɗan siyasar da ya faɗe ta yau yana nufin ana bin sa da tuhumar ƙarya. In mai fassara ya ce "farautar mayu" ga jama'ar da ke ɗaukar maita da gaske, ya kai su wani gari daban. Kafofin Hausa sun dace da suka zaɓi "bi-ta-da-ƙulli".

Akwai ma wadda ke juya baya ga kanta. A majalisar Birtaniya, da ta Najeriya da ta gaje ta, in an ce an yi "table" ɗin ƙudiri, an gabatar da shi ke nan. A majalisar Amurka kuwa an jingine shi.

Gidajen rediyon Hausa, tun daga sashen BBC da ya fara a 1957, sun shafe shekaru suna kokawa da wannan aiki, kuma fassarorin da suka zauna a bakin jama'a su ne waɗanda aka bi ma'ana aka bar kalma: kasuwar bayan fage, halasta kuɗin haram, yaƙin cacar baka, sauya sheƙa, kaso mafi tsoka. Da gwamnatin Buhari ta fito da tsarin "whistleblower" a Disamba 2016, mai ba da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato, ba a ce mai busa usur ba, aka ce mai kwarmata bayanai. Wasu fassarorin kuma kalma-da-kalma aka yi su, irin su "jan layi" da "hawayen kada". Masu goyon bayansu na cewa haka harshe ke faɗaɗa. Masu suka na cewa Hausa na da nata, kamar kukan munafunci, ba sai an yi aro ba.

Muhalli: inda ƙamus kaɗai ba ya isa

Ɗalibi na iya sanin cewa "kick the bucket" mutuwa ce, ya je ya rubuta ta a saƙon ta'aziyya. Ya ci ma'ana, ya faɗi a ladabi, domin maganar raha ce, kusan daidai da a ce wa mai makoki mahaifinsa ya sheƙa barzahu. Abin da ya dace shi ne "pass away", takwarar rasuwa ko riga mu gidan gaskiya. "Break a leg" fatan alheri ne ga mai hawa dandalin wasa, ba mugun baki ba. "You are pulling my leg" na nufin zolayata kake yi. Wanda ya ce yana "under the weather" ba ya jin daɗin jikinsa, wanda ya sami "cold feet" kuma gabansa ne ya faɗi yana neman fasawa.

Wasu kuma sun tsufa. "Raining cats and dogs" na nan daram a littattafan makaranta, amma ba kasafai ake jin ta a bakin matashin Landan ba. A ofis waɗanda ke aiki su ne irin "on the same page" fahimta ta zo ɗaya, "cut corners" ha'inci don rage kuɗi ko lokaci, "back to the drawing board" a sake lale, da "the elephant in the room", babbar matsalar da kowa ya gani ba mai son ambata.

Turancin Najeriya: kuskure ko sabon salo?

Nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Wajen yabo da ƙarfafa gwiwa, ɗan Najeriya na cewa "more grease to your elbow", Ba'ingile na cewa "more power to your elbow". A nan ana yanka riga "according to your size", can kuma "according to your cloth", wato gwargwadon yadin da kake da shi, wanda shi ne ya fi dacewa da ma'anar. "Go-slow" a Birtaniya bore ne na ma'aikata su riƙa aiki a sanyaye. A Legas da Kano cunkoson motoci ne. "Put to bed" a Najeriya haihuwa ce, a Ingila kwantar da yaro ne ko kammala jarida a miƙa ta ɗab'i.

Malaman makaranta da masu shirya jarrabawa na riƙe da sigar Birtaniya. Hujjarsu ita ce dole a sami ma'auni ɗaya, kuma yaron da zai nemi aiki ko karatu a waje da sigar duniya za a auna shi. Masana harshe, irin su Farfesa Ayo Bamgbose na Jami'ar Ibadan, sun daɗe suna cewa a bambanta kuskure da ƙirƙira: maganar da masu ilimi da yawa ke amfani da ita, kowa na fahimta, ta zama ta gida. Wannan ɓangare ya sami ƙarfi da ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganun Najeriya 29 a Janairu 2020, ciki har da "Kannywood", "next tomorrow", "rub minds" da "put to bed", daga baya kuma ya ƙara wasu kamar "japa", "suya" da "cross-carpet". Abin lura dai shi ne shiga ƙamus shaida ce cewa ana faɗin magana a wani wuri; ba ta tilasta wa mai gyaran jarrabawa ya karɓe ta, ba ta kuma sa mutumin Chicago ya gane ta.

Ra'ayi na uku na cewa a rage salon magana baki ɗaya a duk inda ake son kowa ya fahimta. Ƙungiyar Plain English Campaign, da aka kafa a Birtaniya a 1979, kan wannan take fafutuka a takardun hukuma, kuma Amurka ta kafa dokar rubutu a sauƙaƙe ga ma'aikatun tarayya a 2010. Barbara Seidlhofer ta Jami'ar Vienna ta nuna cewa a tattaunawa tsakanin mutanen ƙasashe daban-daban, sau da yawa matsala na tasowa ne in ɗaya ya jefo salon maganar da ɗayan bai sani ba. Bisa wannan fahimta, nauyin ba kan mai koyo kaɗai yake ba, har da mai harshen.

Abin da hakan ke nufi ga jama'a

Ga ɗalibi, maganar maki ce. A jarrabawar JAMB darasin Ingilishi wajibi ne ga kowa, kuma shi ke da tambayoyi 60 cikin 180. WAEC da NECO ma kan kawo jimla su ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita, kuma a irin wannan tambaya zaɓin da ya bi kalmomi a zahirinsu galibi tarko ne. Ɗan makarantar da ke jin Turanci a gida da talabijin yana tsintar waɗannan maganganu ba tare da wahala ba. Na karkara, wanda ba ya jin harshen sai a aji, dole sai an koya masa, kuma hadda daga jeri ba ta kai ganin magana cikin labari ko hira ba.

Mai shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a waje, na fuskantar akasin haka. Ma'aunin sashen magana na yaba wa wanda ya iya salon magana, shi ya sa wasu ke cusa shi ko'ina. Amma dacewa ake dubawa, kuma guda ɗaya a muhallinsa ya fi biyar da aka tura da ƙarfi.

Ma'aikatan jinya da likitocin da ke tafiya Birtaniya sukan tarar tsofaffin marasa lafiya na sakaya magana. Tsohuwar da ta ce tana son ta "spend a penny" bayan gida take nema, maganar da ta samo asali daga kwabon da ake jefawa a ƙofar banɗakin jama'a. Wanda ya yi ƙorafin "waterworks" matsalar fitsari yake nufi. A ɗakin jinya, tambayar "me kike nufi?" ta fi zato aminci.

Sai fassarar na'ura, wadda mutane da yawa ke karanta labaran waje da ita tun da Google ya saka Hausa a manhajarsa a Disamba 2013. Ta inganta ƙwarai, amma har yanzu salon magana na cikin wuraren da take zamewa, musamman in sabo ne ko an yi masa wasa da kalma, kamar yadda kanun jaridu ke yi. Alamar da mai karatu zai riƙe ita ce bayyanar dabba ko gaɓar jiki ko launi a inda ba su da dalilin zuwa, kamar giwa a labarin kasafin kuɗi ko agwagwa a labarin fadar shugaban ƙasa. A irin wannan wuri sai a koma ga asalin jimlar, a nemi maganar a dunƙule cikin ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman. Bayan ma'ana, sukan nuna ko maganar ta Birtaniya ce ko ta Amurka, ta raha ce ko ta hukuma, ko kuma ta tsufa.